Gwangwani na Talatin da Ɗaya

Ranar Laraba da safe Mama Adongo ta dawo daga taron matan coci na Njoro, ta tarar ba a kwanta a gado ba. Ta ajiye jaka, ta zaga bayan gida inda garejin mijinta yake. Ƙafafunsa ta fara gani, cikin takalman taya da ya ƙi rabuwa da su, sun leƙo daga ƙarƙashin farar Fijo. Sauran jikin mijin nata Mzee Agola, wato Dattijo Agola, yana ƙasa, motar tana zaune a kansa.

Kafin ƙarfe tara unguwar Shabab ta gama shari'arta. Masu sayar da gawayi suka ce motar ce ta ci mutum na biyu. Duk wanda ya kai sittin a Nakuru ya san ta: ita ce ta faɗa gangaren Kerio a tseren motoci na 1974 da direbanta Gikonyo a ciki, kuma sun rantse tun da aka jawo ta garejin nan bara karnuka suka daina bi ta layin. Kanikawa kuwa, da yake ba sa so a ce suna tsoron fatalwa, suka ce sakaci ne. Mutumin da ya kashe direba da sakaci yana saurayi, ga shi ya kashe kansa da shi yana tsoho. 'Yan sanda suka ɗaga motar, suka ɗauki gawa, suka rubuta haɗari.

Kibowen ya sauka daga motar Kabarnet da tsakar rana. Shekara talatin ya yi yana bin sawun ɓarayin shanu, har ana cewa idan akuya ta taka dutse zai faɗa maka ko tana da ciki. Amma sawun da ya fara yi masa suna ba na dabba ba ne. Yana ɗan shekara ashirin da biyu aka kai shi gangaren Kerio ya karanta sawun taya a hanya, ya ce motar ta daina jin sitiyari taku arba'in kafin kwana. Gaskiya ya faɗa. Da aka duba, sai ga notuna biyu da suke riƙe hannun sitiyari sun karye, kuma Agola ne ya ɗaure su, Agola abokinsa da suke cin tuwo a kwano ɗaya. Aka ce ya matse su fiye da kima. Aka kore shi daga harkar tsere, yara suka riƙa kiransa Mai-Kashe-Direba, shi da Kibowen kuwa ba su ƙara gaisawa ba shekara arba'in da biyar.

Ranar Lahadin da ta wuce saƙo ya shigo wayar Kibowen. “Ka zo gobe Litinin. Ka taho da idonka. Agola.” Ya karanta sau uku, ya mayar da wayar aljihu, washegari ya kai shanunsa wanka. Wannan ne yake cin sa a ƙirji tun da aka buga masa waya da safe.

Mama Adongo tana zaune a tabarma cikin mata. A da can “shemeji” take ce masa, kamar yadda mace take kiran ɗan'uwan mijinta. Yau ta dube shi daga hula zuwa takalmi.

“Mzee Kibowen. Ka makara,” ta ce, ta kau da kai.

*

Mutane sun tattake garejin kamar kasuwar dabbobi, amma ƙasa ba ta mantawa da wuri haka. Kibowen ya tsuguna. Kowa ya san tun abin da ya faru Agola ba ya shiga ƙarƙashin mota da jak kaɗai, sai ya tura kututture biyu na itacen turare ya tokare ta, har kanikawa suna yi masa dariya wai ko keke zai gyara sai ya tokare. Ga kututturan can jikin bango. A ƙarƙashin sawun jama'a kuma ga layi biyu inda aka jawo su, sannan ga inda ƙurar faɗuwar motar ta sauka ta rufe layin. An janye su motar tana sama, mutum yana ƙasa, sannan aka saki jak.

A kan teburin aiki akwai kofi biyu. Ɗaya an shanye, ɗaya cike da shayi mai madara, ya yi fata, tururuwa sun yi masa layi. Kibowen ya ce a ransa, baƙo ya zo, an zuba masa, bai sha ba, kuma wanda ya zo da mugunta ba ya shan shayin mai gida. Sai dai layin tururuwan ya yi masa kamar ya fi kwana ɗaya. Ya ce wa kansa idonsa ne ya tsufa.

Bango guda kuwa gwangwanayen man girki ne a jere, kowanne da lamba. Haka Agola yake aikinsa. Duk notin da ya kwance daga tsohuwar mota ba ya wanke shi sai ya juya shi ya duba ƙarƙashin kai da cikin zare, inda rana da ruwa ba su kai, don a nan ne asalin launinsa yake ɓuya. Riga yake kiran abin. Yakan ce kowane noti da rigar da ya baro kamfani da ita: na jikin mota fari mai dishi-dishi, na sitiyari da birki baƙi wuluk don ƙarfensa ya fi tauri, kuma wanda ya sa wa mota noti da rigar wani ya yi mata ƙarya.

“Nan yake wuni, shi da gwangwanayensa.”

Kibowen ya juya. Mzee Thuo ne a bakin ƙofa, da kwat da sanda. Shi ne yake zaune gefen Gikonyo yana karanta masa taswirar hanya ranar haɗarin, ya fita da rai da ƙafa ɗaya gajera. Yanzu shi ne babban alƙalin gasar tsofaffin motoci, mai yawo da ɗan madubi a kan sanda yana leƙa ƙarƙashin motocin mutane. Ya taɓa hana wani likita kofin gasa saboda noti ɗaya, likitan ya yi kuka a gaban matarsa. Koriyar Fijonsa kuwa sau goma sha ɗaya tana cin gasa kafin ya zama alƙali.

“Ina koriyar?” in ji Kibowen. “Na ji an ce ko coci ba ka zuwa sai da ita.”

“Ɗan acaba ne ya kawo ni. Yau hannuna ba zai riƙe sitiyari ba.” Ya share ido. “Ni suka ɗora wa shugabancin kwamitin jana'iza. Jibi Juma'a za mu zauna a rubuta tarihinsa da za a karanta a bakin kabari. Me zan rubuta, Kibowen? Ka zo ka gani.”

Ya miƙa hannu ya sauko da gwangwani na talatin da ɗaya, ya juye a tafin Kibowen. Guntun noti ne, ba kai, baƙi, sharkaf da baƙin mai.

“Wanda ya karye a Kerio ke nan. Makon jiya ya zaro shi daga hannun sitiyarin. Baƙi ne, na kamfani, irin wanda shi kaɗai yake ɗaurawa. Shekara arba'in da biyar yana cewa ba shi ba ne, sai ga shi a hannunsa. Wanda ya ga wannan, ai mantawa da kututture ba abin mamaki ba ne.”

“Ka sha shayi a nan jiya?”

“Ciwon suga ya raba ni da shayi tun zamanin da kake da haƙora.”

Kibowen ya shafa bakin karayar da babban yatsa. Ya yanke shi, har jini ya ɗan fito. Ya tsotse yatsan, ya mayar da guntun. Ƙarfen da ya karye shekara arba'in da biyar ba ya yanka kamar sabuwar reza.

*

Motar ta Wamuyu ce, 'yar marigayi Gikonyo, wadda take da shekara biyar lokacin da aka kawo ubanta a akwati. Ranar Alhamis Kibowen ya same ta a kantinta na magani. Rabin unguwa ita suke nunawa da baki, don wace irin 'ya ce za ta kai motar ubanta wurin wanda ya kashe shi?

“Ka tambaya kai tsaye, Baba, na gaji da kewaye-kewaye,” ta ce.

“Me ya sa shi?”

“Don in ga fuskarsa. So nake ya kwance ta noti bayan noti yana tuna abin da ya yi. Na tsane shi, ba zan ɓoye maka ba. Sai ya zama duk Asabar in na je, ya sa mini kujera, ya nuna mini inda mahaifina ya ɗaure madubi da waya, inda ya manne hotona a bayan abin tare rana. Ni ban ma san da hoton ba. Wata shida ina zuwa da fushi, daga baya na rasa inda na ajiye shi.”

“Ranar Talata fa?”

“Ina Nairobi sayen kaya, tambayi direban babbar mota. Amma ranar Litinin ya kira ni. Ya ce in zo Juma'a in taho da Mzee Thuo, amsar tana cikin gwangwani na talatin da ɗaya.”

“Kin gaya wa Thuo?”

“Da safiyar Talata, kafin in tafi. Har lambar gwangwanin, ina dariya.” Ta rungume hannuwanta kamar mai jin sanyi. “Tun jiya nake jin ƙarar injinta a kunnena, Baba, motar da ba ta da inji. Na kira masu gwangwan, ranar Asabar za su zo su yanka ta. Ta isa haka.”

Shayi mai madara kuwa, ta ce tun tana yarinya yake tayar mata da zuciya.

*

Tarlochan Singh mai kayan gyara shi ne na biyu a bakin mutane, don ranar Litinin da safe duk layin ya ji su da Agola suna zage-zage. Kibowen ya same shi a bayan kanta yana faɗa da kwali.

“Eh, na ce zan fasa masa kai! Shekara talatin ina cewa zan fasa masa kai, ka ga na fasa?” Ya jawo akwati ya zube notuna a gaban Kibowen, sababbi, suna sheƙi ruwan ɗorawa. “Kalle su. Ƙarfinsu ɗaya da na da, wallahi har sun fi. Amma wai shi baƙi yake so. Na ce Mzee, baƙin nan an daina yin sa tun kafin a haifi ɗana, ko Mombasa ka je ba ka samu. Ya ce in rataya nawa a wuya in je biki. Ni! A kantin ubana!”

Sai muryar ta karye. Ya juya baya yana gyara rawaninsa, ya daɗe yana gyarawa.

“To yanzu wa zai zage ni?” ya ce.

“Masu tsofaffin motoci suna sayen ruwan ɗorawan?”

“Da rana? Allah ya kiyaye. Tsoron Thuo suke. In ya hango ɗaya da madubinsa, ka tashi daga gasa. Shi ya sa jiya na ɗauka duniya ce za ta tashi. Shi da kansa ya shigo, ya sayi guda ɗaya tak, na sitiyarin Fijo. Na ce Mzee, in ɗauke ka hoto? Ya ce na injin ban-ruwa ne. Injin ban-ruwa mai sitiyari!”

Kibowen ya fito ya tsaya a rana, amma jikinsa sanyi yake ji. Can ƙarshen layi koriyar Fijo ta wuce a hankali, tana ɗaukar ido, mai ita yana zaune a miƙe. Hannunsa ya warke ke nan.

*

Da yamma, da mata suka tashi ɗora girki, ya durƙusa a gefen tabarmar Mama Adongo.

“Bai manta da kututture ba. Janye su aka yi.”

“Na sani,” ta ce. “Mutumin da yake tokare gadonmu da bulo don kada ya karye da jika a kai? Na sani tun jiya. Wa zan gaya wa? Wanda yake rubuta tarihinsa?” Ta dube shi, idonta a bushe. “Ka san abin da za a karanta? Na ga takardar. Wai ya rasu sakamakon kuskure a bakin aikinsa. A gaban 'yan'uwansa a garinsu Asembo, a gaban jikokinsa. Da kuskure ya rayu, da kuskure za a rufe shi.”

“Ba za a karanta ba.”

“Kai ne ka fara karanta shi, tun a Kerio.”

Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta kwance bakin zaninta ta ciro wata 'yar takarda a ƙudundune.

“Notunan biyu ne. Ɗaya ya sa a gwangwani, ɗaya ya ba ni ajiya. Na yi niyyar in jefa shi a masai da na ga ba ka zo ba.”

A jikin takardar da rubutun Agola mai kama da sawun kaza an sa: “Na Kibowen. Shi zai gani.” A ciki guntun noti ne, bakin karayarsa ya dakushe, ya yi tsatsa ja. Kibowen ya goge tsohon giris daga cikin zaren da gefen rigarsa. Fari ne fat, farin kwanon rufi, irin notin da ake ɗaure ƙofar shinge da shi a gona.

*

Kwamitin ya zauna ranar Juma'a da hantsi a ƙarƙashin rumfa, tsakanin gida da gareji. Ga Wamuyu, ga Singh, ga fasto da dattawan unguwa. A kujerar baya wata mata tana zaune da baƙin gyale kamar mai ta'aziyya, Sufeto Nafula ce, wadda Kibowen ya taɓa koya wa bin sawu tana kurtu. Koriyar Fijo tana bakin ƙofa a inuwa. Mzee Thuo ya sa tabarau, ya karanta tarihin da murya mai daɗi, har ya iso kan kuskure.

“Dakata nan,” in ji Kibowen.

Ya ajiye guntaye biyu a kan tebur, baƙi da fari.

“Mzee Thuo, kai ne alƙali. Wanne ne na Fijo?”

“Baƙin. Wannan ko makaho ya sani.”

“Farin fa?”

“Na shinge ne. Ƙarfen banza, da hannu ma ka lanƙwasa shi. Wanda ya ɗaura wannan a sitiyari ya cancanci ɗauri.”

“Daga sitiyarin motar Gikonyo Agola ya zaro shi. Ga tsatsar shekara arba'in da biyar a bakinsa. Shi kuma baƙin da ka nuna mini, shekaranjiya ya yanke ni. Bai kwana uku da karyewa ba, an dai shafa masa baƙin mai.” Ya juya wajen jama'a. “Agola ya ɗaure baƙaƙe a Eldoret da safe. Da rana motar ta faɗi da farare. Tsakanin nan da can mutum biyu ne kawai a cikinta, ɗaya yana kabari.”

Thuo ya cire tabarau yana gogewa.

“Tsufa ya taɓa ka, Kibowen. Ko'ina ana samun baƙin noti.”

“Ko Mombasa babu!” Singh ya faɗa daga kujerarsa.

“Wuri ɗaya na sani a Nakuru da ake da shi,” in ji Kibowen. “Ara mini madubinka.”

Ba wanda ya taɓa jin an roƙi Thuo madubin nan. Ya duba hagu, ya duba dama, ya ga duk shi ake kallo, ya zaro shi daga aljihun kwat. Kibowen ya taka zuwa koriyar motar, jama'a a bayansa, ya durƙusa da ƙyar a gefen tayar gaba ta hagu, ya zura madubin. Ya kira Wamuyu ta duba, sannan fasto, sannan matar mai baƙin gyale. Komai a ƙarƙashin motar nan yana sanye da rigarsa ta kamfani, tsaf kamar ranar da aka sauke ta daga jirgi. A hannun sitiyari kuwa noti biyu ne, ɗaya baƙi, ɗaya ruwan ɗorawa yana ƙyalli.

“Ka ɗauke farin daga gwangwani ranar Talata,” in ji Kibowen. “Amma Wamuyu ta san lambar, in aka tarar da shi wayam za a yi tambaya. Sai ka cire na motarka ka karya, ka zo da shi a kan acaba cikin masu kuka. Abu ɗaya ne ban sani ba. Ina kan notin?”

Hannun Thuo ne ya tafi aljihun ƙirji da kansa, kamar ba nasa ba. Ya fito da hankici a naɗe. Da Sufeto Nafula ta warware, ga kan baƙin noti an goge shi tas, ta haɗa shi da guntun, suka zauna daram.

“Na asali ne,” Thuo ya ce a hankali. “Ba a yar da na asali.”

Ya zauna a kan matakalar gida, ya ajiye sandar a gefe. Da ya fara magana ba kowa yake kallo ba, farar motar yake kallo ta ƙofar gareji.

“Dutse muka daka bayan Iten, notunan suka lanƙwashe. Motar Agola tana bayanmu da minti ashirin. Gikonyo ya ce mu jira shi. Na ce minti ashirin! Muna kan gaba, karo na farko ɗan ƙasa yana kan gaba! Akwai shinge a wurin, na kwance biyu daga ƙofarsa na ɗaura. Na ce za su kai mu Kabarnet. Tun daga ranar ban ƙara ganin noti a inda bai dace ba na ƙyale. Kuna cewa tsanani ne. Duk motar da na leƙa, waccan nake leƙawa.”

“Talata,” in ji Sufeto.

“Na je na roƙe shi. Na ce Agola, mun tsufa, bar matattu su kwanta. Yana ƙarƙashinta, bai ma fito ba. Ya ce, Thuo, ba na fushi, Juma'a kai za ka faɗa da bakinka, miƙo mini sifana sha bakwai.” Ya dubi tafin hannunsa. “Da ya zage ni, da na tafi gida.”

Wamuyu ta taka har gabansa. Kowa ya ɗauka mari za ta kai masa.

“Kai ka riƙe hannuna ranar aurena,” ta ce. “A madadin mahaifina.”

Ta juya ta ciro waya, ta gaya wa masu gwangwan kada su zo. Sufeto ta kama Thuo a gwiwar hannu, ba da ƙarfi ba, ta wuce da shi ta gaban koriyar motar. Ko a lokacin sai da ya waiwaya ya dubi tayar hagu.

*

Fasto ya soke layin da biro, ya tambayi abin da za a sa. Mama Adongo ta ce a rubuta cewa bai taɓa ɗaura noti a inda bai dace ba, kuma Kibowen ne zai karanta a Asembo, da bakin da ya karanta na farko. Kibowen ya ce to.

Da jama'a suka watse ya koma garejin shi kaɗai. Ya tura kututturan biyu ƙarƙashin farar motar, ko da yake ba wanda zai shiga. Abu ɗaya ne ya rage bai zauna masa ba. Thuo ba ya shan shayi, Wamuyu ba ta shan madara, Singh bai taka nan ba. Yana tsaye a kan kofin Mama Adongo ta shigo da tire.

“Wannan ne ban gane ba,” ya ce. “Wane baƙo ne aka zuba wa bai sha ba?”

Ta ajiye tiren. Ta dubi kofin, ta dube shi, a karo na farko tun ranar Laraba idonta ya kawo ruwa.

“Kai da kake gane sawun akuya a kan dutse,” ta ce. “Ranar Litinin tun ƙarfe goma ya sa na dafa. Ya ce motar Kabarnet tana isowa sha ɗaya, kuma kana son sukari cokali uku. Duk motar da ta tsaya a layi sai ya fita ya duba. Da yamma na zo ɗauka, ya ce in bari, wataƙila taya ce ta fashe muku. Talata da zan tafi Njoro na sake zuwa, ya ce in bari.”

Kibowen ya dafa teburin. Tururuwan suna nan a layinsu, suna hawa suna sauka, kuma tun ranar farko sun gaya masa kwana nawa ne.

“Naka ne, shemeji,” ta ce. “In ɗauke yanzu?”